A Bar wa Garuruwan Queensland Kofinsu

A shekarar 1996, ƙungiyar Toowoomba Clydesdales ta doke Redcliffe Dolphins da maki 8 da 6 a birnin Brisbane, ta zama ta farko da ta ɗaga Kofin Queensland, gasar zari-rugar lig mafi girma a wannan jiha ta arewa maso gabashin Ostareliya. Ta sake ɗaga kofin a 2001, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2006. Da kakar 2007 ta kama, sai aka nemi sunanta a jadawali aka rasa. 'Yan wasanta ba su gaza ba, mutanen garin ma ba su juya mata baya ba. Abin da ya faru shi ne, tun ƙarshen shekarun 1990 babbar ƙungiyar Brisbane Broncos ta mayar da ita wurin ajiye 'yan wasanta na ko-ta-kwana, har ta saba da jingina a kanta, kuma ranar da Broncos ta ga ya fi mata sauƙi ta ajiye yaranta a cikin Brisbane, sai ta janye kafaɗarta, bango ya faɗi. Garin Toowoomba, wanda tawagarsa ta taɓa doke ta Ingila da ta zo rangadi a 1924, ya yi kaka 16 cur ba shi da wakili a babbar gasar jiharsa. Sai a 2023 aka farfaɗo da ƙungiyar da sunan Western Clydesdales.

Na fara da wannan labari ne domin a duk lokacin da aka sake tayar da maganar sauya fasalin Kofin Queensland, Toowoomba ce take fara zuwa mini a rai. Shawarar da wasu shugabanni da masu horarwa na babbar gasar ƙasa, wato NRL, suke kawowa lokaci zuwa lokaci ita ce, kowace babbar ƙungiya ta mallaki tawagarta ta biyu, mai ɗauke da sunanta da rigarta, waɗannan tawagogi su riƙa karawa da juna a matsayin wasan sharar fage kafin manya su fito. Ina ganin wannan shawara kuskure ce, kuma idan aka aiwatar da ita, abin da ya sami Toowoomba shi zai sami garuruwa da dama a lokaci guda.

Ga wanda bai saba da wasan ba, zari-ruga iri biyu ne. Akwai na 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, wanda ya fi shahara a duniya, akwai kuma na lig, mai 'yan wasa 13. Na lig ya samo asali ne a ranar 29 ga Agusta, 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle, saboda hukumar wasan ta hana a biya ma'aikatan ma'adinai da na masaƙu kuɗin ranar aikin da suke rasawa idan sun je wasa. Ya isa Ostareliya a 1908. Ana buga shi minti 80, ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama shida: idan aka kayar da 'yan wasanta sau shida ba su kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya ba, sai ta koma hannun ɗaya ɓangaren. Dire ƙwallo a bayan layi maki 4 ne, bugun da ke biyo baya kuma maki 2. Asalin nan yana da muhimmanci a maganata, domin tun ranar farko wasa ne na ma'aikata da garuruwansu, kuma rigimarsa ta farko a kan haƙƙin mai gumi ce.

Jihar Queensland ta kai kusan ninki biyu na faɗin Nijeriya, amma mutanenta miliyan biyar ne da ɗoriya, mafi yawansu kuma a kusurwar kudu maso gabas suke, a kewayen Brisbane. Daga Brisbane zuwa Rockhampton tafiyar fiye da kilomita 600 ce, zuwa Townsville fiye da 1,300, zuwa Cairns kusan 1,700. Hukumar zari-rugar lig ta jihar, QRL, ita ce ta kafa Kofin Queensland domin ya haɗa waɗannan wurare masu nisa a gasa guda, kuma tun 2022 ana kiransa Kofin Hostplus, sunan asusun fanshon da ke ɗaukar nauyinsa. Tun dawowar Toowoomba ƙungiyoyi 15 ne a ciki. Akwai tsofaffin ƙungiyoyin unguwannin Brisbane da kewayenta, irin su Norths Devils da Wynnum Manly da Souths Logan da Redcliffe, wadda ta fi kowa yawan kofi. Akwai na garuruwan nesa: Capras a Rockhampton, Cutters a Mackay, Blackhawks a Townsville, Northern Pride a Cairns. Akwai Tweed Seagulls da ke tsallaken iyaka a jihar New South Wales, sannan akwai PNG Hunters daga ƙasar Papua New Guinea. Yawancinsu suna da yarjejeniya da wata ƙungiyar NRL, wadda take turo musu 'yan wasan da ba ta zaɓa ba a makon, amma kowace tana da shugabanninta da kocinta da launin rigarta da filinta.

Mutanen Queensland sun san abin da ake nufi da kwashe arziki zuwa kudu, domin sun ɗanɗana. A 1956 jihar New South Wales ta halatta injinan caca a gidajen kulob, ƙungiyoyin Sydney suka yi kuɗi, suka riƙa sayen fitattun 'yan wasan Queensland ɗaya bayan ɗaya. Abin takaicin shi ne, a gasar shekara-shekara tsakanin jihohin biyu, dokar lokacin ta ce ɗan wasa yana wakiltar jihar da yake zaune ne, saboda haka 'ya'yan Queensland ne suke sanya shuɗiyar rigar New South Wales suna lallasa jiharsu ta haihuwa. Sai a 1980 aka gwada barin kowa ya buga wa jiharsa ta asali, Arthur Beetson ya jagoranci Queensland a filin Lang Park, suka ci da maki 20 da 10, aka haifi gasar da yau ta fi kowace jan hankali a ƙasar. Bayan shekara takwas, a 1988, Broncos ta shiga gasar Sydney, kuma kusan dare ɗaya tsohuwar gasar birnin Brisbane, wadda a da take cika filaye, ta koma mataki na biyu, 'yan kallo da 'yan jarida da masu talla duk suka bi sabuwar amarya. Kofin Queensland shi ne ƙoƙarin da aka yi na tattara abin da ya rage bayan wannan girgiza. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi suke ɗar-ɗar da duk wata shawara da ta fito daga manyan ofisoshi ba.

Na yi wasu shekaru ina zaune a wata unguwa a gefen Brisbane, kuma a nan ne na fahimci abin da ake jin tsoron rasawa. Filin ƙungiyar yankinmu ba shi da wani girma: rumfa ɗaya mai kujeru, sai tudun ciyawa a ɗaya gefen, inda iyalai suke shimfiɗa barguna tun azahar. A bakin ƙofa wata dattijuwa ce take karɓar kuɗin shiga, tana ajiye canji a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, kuma ta san sunan yawancin masu shigowa. A can gefe iyayen yaran ƙungiyar matasa suna soya albasa da nama, suna sayarwa a cikin burodi domin tara kuɗin riguna. Ni dai shayi nake saya, in hau tudu in zauna. Idan aka tafi hutun rabin lokaci sai yara su kwarara cikin fili da ƙwallayensu, babu mai korarsu, har sai an busa ƙaho. Daga inda nake zaune ina jin ƙarar haɗuwar ƙirji da ƙirji da numfashin 'yan wasa, abin da ba a ji a manyan filaye. Bayan an tashi, ɗan wasan da aka gama yi wa tafi yakan zo bakin shinge da laka a gwiwarsa, ya ɗauki ɗiyarsa, ya tsaya gaisawa da malaminsa na firamare.

Maƙwabcina a lokacin yana buga wa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gasar, kuma mai gyaran famfo ne. Ƙarfe biyar na asuba nake jin tashin motarsa, ba ya dawowa sai bayan la'asar, ya ɗauki jakarsa ya wuce atisaye, kwana uku ko huɗu a mako. Abin da ake biyansa a wasa bai isa ya riƙe gida ba, shi ya sa bai taɓa ajiye sana'arsa ba. Wata ranar Juma'a na same shi a ƙofar gida yana wanke mota, fuskarsa babu walwala. Ya gaya mini cewa an turo wani daga babbar ƙungiya domin ya gwada ƙafarsa bayan jinya, saboda haka shi ba zai buga gobe ba, alhali ya riga ya gayyaci mahaifinsa daga wani gari mai nisa. Bai zagi kowa ba, cewa ya yi haka tsarin yake. Washegari na gan shi a bakin fili yana kai wa abokansa ruwa, mahaifin nasa kuma yana zaune a kan tudu.

Na kawo wannan ne domin kada a ce ina ganin tsarin yanzu ba shi da aibi. Yana da shi, kuma masu son a sauya shi suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Kocin babbar ƙungiya yana biyan yaro albashi, yana horar da shi duk mako a kan wani salo, amma ranar Asabar sai ya tura shi wata ƙungiya, wani koci ya sa shi a gurbin da bai saba da shi ba, ko ya ba shi minti 20 kacal. Wani lokaci 'yan wasan ƙungiya ɗaya sukan rarrabu a ƙananan ƙungiyoyi biyu ko uku, su yi shekara ba su buga tare ba, alhali ana sa ran su fahimci juna ranar da aka kira su sama. Akwai kuma wahalar tafiya, domin yaron da ke atisaye a wani gari yakan hau jirgi zuwa wani domin ya buga wasa da mutanen da bai gani ba duk mako. Masu wannan ra'ayi suna nuni da New South Wales, inda yawancin tawagogin gasar jiha na manyan ƙungiyoyi ne kai tsaye. Tun 2014 zakarun jihohin biyu suna karawa a Sydney ranar wasan ƙarshe na NRL. Northern Pride ta ci na farko, Ipswich Jets ta ci na biyu, amma daga 2016 zuwa 2023 duk karawa shida da aka yi ƙungiyoyin New South Wales ne suka lashe, sai a 2024 Norths Devils ta karya wannan jeri. Wannan hujja ce mai nauyi, ban musanta ba.

Sai dai duk waɗannan hujjoji daga taga ɗaya suke kallon al'amarin, tagar babbar ƙungiya da bukatarta ta makon gobe. Jihar Queensland tana da ƙungiyoyi huɗu ne kawai a NRL: Broncos da Dolphins da Titans a kudu maso gabas, sai Cowboys a Townsville. Idan aka janye dukkan ƙwararrun 'yan wasa zuwa tawagogi huɗu na ko-ta-kwana, to Cairns da Mackay da Rockhampton da Toowoomba da Ipswich za su koma mataki na uku. Gidan talabijin ba zai je mataki na uku ba, kamfanin da ke ɗaukar nauyi ba zai biya kuɗin da yake biya yanzu ba, kuma kuɗin jirgin da ke kai tawaga daga Cairns zuwa Gold Coast ba zai samu ba. Yaro ɗan shekara 17 a Mackay, wanda yau zai iya zama a gaban iyayensa, ya koyi sana'a, ya buga wa Cutters har idon manya ya kai kansa, dole ne ya tattara kayansa ya tafi birni tun bai gama mallakar hankalinsa ba. Wannan ya fi tsanani ga yaran 'yan asalin ƙasar, Aborijin da mutanen tsibiran mashigin Torres, waɗanda suke da yawa a arewacin jihar, kuma rabuwa da dangi ba ƙaramin abu ba ne a wajensu. Da yawa daga cikin masu tafiya da wuri suna dawowa ne hannu rabbana, babu wasa babu sana'a.

Game da zargin cewa tsarin yanzu ba ya renon 'yan wasa yadda ya kamata, tarihi ya isa amsa. Cameron Smith da Billy Slater da Cooper Cronk da Greg Inglis, waɗanda suka zama ginshiƙan ƙungiyar Melbourne Storm ta NRL da tawagar jiha da ta ƙasa, duk sun bi ta Norths Devils kafin duniya ta san su. A can suka yi karo da magidanta masu shekara 28 ko 30, waɗanda suka san duk dabarun wasan, suke kuma buga shi domin garinsu, ba su da niyyar sassauta wa kowane sabon tauraro. Tawagar ko-ta-kwana kuwa yawanci taron matasa ce, kowa yana wasa ne domin a gan shi, cin wasan bai dami kowa sosai ba. Yaron da ya koyi wasa inda faɗuwa take sa dattawan gari su tafi gida da ɓacin rai ya koyi abin da atisaye ba ya koyarwa.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba, wato 'yancin gwada sabon abu. A 2015 Ipswich Jets, ƙarƙashin 'yan'uwa biyu, Ben da Shane Walker, ta lashe kofin bayan ta doke Townsville Blackhawks da maki 32 da 20, da wani salo da manyan masu horarwa suke ganin ganganci ne. Maimakon su buga ƙwallo can nesa a farkon wasa kamar kowa, sai su yi gajeren bugu domin su ƙwato ta nan take. 'Yan wasansu sukan yi gudu a kaikaice, har da baya, suna miƙa wa juna ƙwallo har abokan hamayya su gaji. Da wannan salo suka je Sydney suka doke tawagar ko-ta-kwana ta Newcastle Knights. Kocin tawagar ko-ta-kwana ba zai taɓa samun wannan dama ba, domin aikinsa shi ne ya kwaikwayi abin da maigidansa yake yi a sama, layi bayan layi. Wasan da dukkan matakansa suke bin tunanin mutum goma sha bakwai ko ashirin zai daskare.

Gasar tana kuma da wani mako a kowace kaka da ake ɗebe wasanni daga filayen da aka saba a kai su ƙananan garuruwan karkara. An kai wasa Barcaldine da Charleville da Mount Isa, garin ma'adinai da ke can cikin ƙasa, wuraren da yaro zai iya girma bai taɓa ganin ƙwararren ɗan wasa ido da ido ba. 'Yan wasa sukan shiga makarantu, su koya wa yara riƙon ƙwallo, kuɗin ƙofa da na abinci kuma ya taimaki ƙaramar ƙungiyar garin. Tawagar da aka kafa domin sharar fage a Brisbane ba ta da dalilin yin wannan tafiya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena ita ce ta PNG Hunters. Papua New Guinea ƙasa ce mai harsuna fiye da 800, mai tsaunuka da suka raba ƙabila da ƙabila, kuma zari-rugar lig ne wasanta na ƙasa, ɗaya daga cikin abubuwa ƙalilan da kowa ya yarda da su. Tana da gasarta ta cikin gida, mai ƙungiyoyi irin su Goroka Lahanis da Rabaul Gurias da Lae Tigers, amma shekaru da yawa babu tsani tsakanin wannan gasa da ta ƙwararru a Ostareliya. A 2014 aka karɓi Hunters cikin Kofin Queensland, ta fara buga wasanninta na gida a Kokopo kafin ta koma Port Moresby. A 2017, ƙarƙashin koci Michael Marum, ta kai wasan ƙarshe da Sunshine Coast Falcons a Brisbane. Falcons ta yi gaba da maki 10 da nema tun farkon wasa, aka tafi hutu a haka. Bayan an dawo Hunters ta rage tazara, aka yi ta gumurzu, har saura kamar minti biyu a tashi, kyaftin Ase Boas ya gangara ƙwallo da ƙafa zuwa bayan layi, Willie Minoga ya bi ta ya danne. Maki ya zama 10 da 10, Boas ya buga bugun da ya biyo baya ya shiga, aka tashi 12 da 10. Na kalli wannan wasa a talabijin tare da wasu ɗalibai 'yan Papua New Guinea, kuma ba zan manta da ɗaya daga cikinsu ba, saurayi mai yawan shiru, wanda ya durƙusa a gaban akwatin yana kuka, wayarsa tana ta ƙara a hannunsa bai iya amsawa ba.

Ta wannan ƙofa Justin Olam ya fito, yaro daga lardin Simbu da ke cikin tsaunuka, wanda ya yi karatun jami'a a Lae. Ya buga wa Hunters a 2016, Melbourne Storm ta ɗauke shi ta tura shi Falcons ya ƙara gogewa, a 2020 kuma ya lashe kofin NRL. Da a ce mataki na biyu na tawagogin ko-ta-kwana ne zalla, da babu gurbin Hunters a ciki, domin ba ta da uwar ƙungiya a sama. 'Yan wasanta sun kuma nuna irin darajar da suke ba wannan gurbi: bayan annobar korona ta sa an soke kakar 2020 bayan mako ɗaya kacal, suka bar iyalansu suka tare a Gold Coast tsawon watanni a 2021, domin kada ƙungiyar ta fita daga gasar.

Yanzu Papua New Guinea za ta sami ƙungiyarta a NRL daga 2028. A watan Disamba na 2024 firaministocin ƙasashen biyu, Anthony Albanese da James Marape, suka sanar da yarjejeniyar, inda gwamnatin Ostareliya za ta kashe dalar ƙasarta miliyan 600 cikin shekara goma, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa gogayya da ƙasar Sin a yankin tekun Pasifik tana cikin lissafin. Ina taya su murna da zuciya ɗaya. Amma babu wanda zai yi tunanin ba su wannan dama in da Hunters ba ta shafe shekara goma tana nuna cewa ƙungiya daga Port Moresby za ta iya bin jadawali, ta karɓi baƙi, ta cika fili, ta kuma ci kofi ba. Haka ma Dolphins, wadda ta shiga NRL a 2023 ƙarƙashin koci Wayne Bennett, daga Redcliffe ta tsiro, ƙungiyar da ta yi shekaru tana tara dukiya da magoya baya a gasar jiha. Sababbin ƙungiyoyi biyu ke nan da babbar gasa ta samu daga wannan gona, kuma rashin adalci ne a girbe amfanin sannan a ce gonar ba ta da amfani.

Matsalar kuɗi gaskiya ce, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a karkatar da muhawarar. Gasar da ake hawa jirgi kusan kowane mako tana da tsada, kuɗin ƙofa a filin da ke ɗaukar mutum dubu biyu ko uku ba zai biya ba. Kuɗin wasan yana hannun hukumar ƙoli ta ƙasa, wadda take sayar da haƙƙin nuna NRL da gasar jihohi a talabijin, daga nan ne take yanka wa hukumomin jihohi kasonsu. A ganina wannan kaso bashi ne ake biya, domin taurarin da ake sayar da hotonsu ba a ofis aka ƙera su ba. Dattijuwar bakin ƙofa da masu soya albasa da mai gyaran famfo duk suna da hannu a cikinsu. Ya kamata a ɗaure wannan kaso da yarjejeniya ta shekaru masu yawa, yadda ƙungiya a Rockhampton za ta iya ɗaukar koci da ma'aikatan renon yara ba tare da fargabar kasafin baɗi ba. Ya kamata kuma kuɗin ya riƙa zuwa ta hannun hukumar jiha, domin ƙungiyar da numfashinta yake hannun babbar ƙungiya guda tana nan a inda Toowoomba ta tsaya a 2006.

Sauran koke-koken masu horarwa ana iya magance su da dokoki ba tare da an rushe gida ba. A ƙayyade yawan 'yan wasan da za a iya turo wa ƙungiya ɗaya a mako, domin kada wata ta cika da ƙwararru wata kuma ta tashi a tutar babu. A sa ranar da dole a sanar da sunayensu tun farkon mako, yadda mutum irin maƙwabcina zai san matsayinsa kafin ya gayyaci mahaifinsa. A hana ɗan wasan da bai buga wani adadi na wasanni a kaka ba ya faɗo daga sama ranar wasan ƙarshe ya karɓe gurbin wanda ya sha ranar shekara, a kuma tsananta wannan doka. A wajabta cewa yarjejeniya tsakanin babba da ƙarama ta kasance ta shekaru, da wa'adin sanarwa mai tsawo kafin rabuwa. Manyan ƙungiyoyi su zauna da ƙananan masu horarwa su daidaita kan gurbin da yaro zai buga da mintocinsa, abin da waya ɗaya a ranar Talata za ta iya warwarewa.

Kafin 2028 akwai shawarar da za a yanke a Port Moresby da Brisbane, ko Hunters za ta ci gaba da zama a Kofin Queensland da sunanta da kocinta, ko kuwa za a narkar da ita ta zama inuwar sabuwar ƙungiya. A shekarar 2027 ma Perth Bears za ta shiga NRL daga yammacin ƙasar, ita ma za ta bukaci inda za ta ajiye yaranta, kuma kowane ƙari irin wannan yana ƙara wa masu son tawagogin ko-ta-kwana murya. Roƙona ga QRL shi ne ta tsaya kai da fata a kan ƙungiyoyi 15 ɗin nan, ta kuma nemi a rubuta matsayinsu a cikin duk wata sabuwar yarjejeniyar talabijin kafin a sa hannu. Western Clydesdales tana shan kashi da yawa tun dawowarta, domin kaka 16 na rashi ba sa gyaruwa cikin biyu ko uku, amma yaran Toowoomba da na ƙauyukan da ke yammacinta sun sake samun rigar da za su nema ba tare da sun bar gida ba.